Kurkumin da huhun jariran da girmansu ya tsaya a ciki

Kurkumin shi ne sinadarin da ke bai wa kurkum launinsa na ruwan ɗorawa. Tun wajen shekara ta 2011 wasu masu bincike suke gwada shi a kan dabbobi, da fatan wata rana zai kare huhun jariran da aka haifa da rauni, musamman bakwaini da waɗanda girmansu ya tsaya tun suna ciki. Sakamakon da aka samu a jikin ɓeraye ya ja hankali. To sai dai har yanzu babu hukumar magunguna ko ɗaya da ta amince da kurkumin a matsayin maganin ciwon huhun jarirai, kuma ba ya cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta fitar a watan Nuwamban 2022 kan kula da bakwaini da jarirai masu ƙarancin nauyi.

Jaririn da girmansa ya tsaya

Mutane kan haɗa duk wani ƙaramin jariri su kira shi bakwaini, alhali abu biyu ne daban. Bakwaini shi ne wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Wanda girmansa ya tsaya kuwa yana iya cika watanninsa tara cif, amma ya fito bai kai nauyin da ya kamata ba, saboda abin da yake samu daga uwa bai ishe shi ba. A karnen awo da takardun gidan haihuwa ana rubuta wannan matsala da harufan Faransanci RCIU. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne: idan aka jera jarirai ɗari masu makonni ɗaya, goman da suka fi ƙanƙanta su ne ake sa wa ido. Ba dukansu ne ke da ciwo ba, akwai waɗanda ƙanƙantar gado ce kawai. Akwai kuma ma'auni na uku da ungozomomi suka fi sani, wato nauyin da bai kai giram 2,500 ba a ranar haihuwa, wanda ya haɗa kashi biyun.

Ƙididdigar da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2023 ta nuna cewa daga cikin jarirai miliyan 135 da aka haifa da rai a duniya a 2020, miliyan 35.3 sun zo ne ko dai kafin lokaci, ko da ƙanƙanta, ko duka biyun. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Miliyan 23.4 daga ciki ƙanana ne a kan makonninsu, kuma mafi yawansu a kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara aka haife su.

Tushen matsalar galibi yana wajen mabiyiya, wadda ta nan ne abinci da iskar oksijin ke ratsawa daga jinin uwa zuwa jinin ɗa. Hawan jini na masu ciki yana ƙuntata jijiyoyin da ke kai mata jini. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suna taruwa a cikinta, musamman a cikin fari, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi a jikinta. Ƙarancin jini, amosanin jini, rashin wadataccen abinci, ɗaukar ciki da ƙananan shekaru, haihuwa kusa da kusa, cikin tagwaye, shan taba da shaƙar hayaƙin itace, duka suna da hannu. Yawancin waɗannan ba baƙi ba ne a Maraɗi, Damagaram ko Tawa.

Abin da ke samun huhu

Idan oksijin ya yi wa ɗan tayi ƙaranci, jikinsa kan karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa sauran sassa. Dabara ce ta tsira, shi ya sa irin waɗannan jarirai ke fitowa da kai daidai misali amma jiki a rame, fata a tattare. Huhu na cikin waɗanda ake rage wa rabo, domin ba ya aikin numfashi kafin haihuwa.

Huhu yana ginuwa ne daki-daki. Daga wajen mako na 24 ƙarshen hanyoyin iska ke fara buɗewa kamar ƴan jakunkuna, kuma a wannan lokacin ne wasu ƙwayoyin halitta ke fara fitar da wani ruwa mai maiƙo da ake kira safaktan, wanda ke hana jakunkunan mannewa duk lokacin da aka fitar da numfashi. Ba ya wadata sai wajen mako na 34 ko 35. Daga mako na 36 ne jakunkunan ke rarrabuwa su zama ƙananan buhunan iska na ainihi, aikin da ke ci gaba shekaru bayan haihuwa, har a kai ga ɗaruruwan miliyoyi a huhun babba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan tumaki, musamman a Melbon ta Ostareliya inda ake ɗaure ɗaya daga cikin jijiyoyin cibiya don a rage wa ɗan tunkiya jini, da kuma na ɓerayen da aka rage wa iyayensu abinci, sun nuna hoto kusan iri ɗaya. Buhunan iska suna fitowa kaɗan kuma manya, bangonsu ya yi kauri, jijiyoyin jinin da ke kewaye da su ba su da yawa kuma sun yi tauri. Jaririn da ya zo da irin wannan huhu, idan kuma bakwaini ne, sai an taimaka masa da oksijin ko na'urar numfashi. Wannan taimako da ke ceton ransa shi ne kuma ke iya ƙara ji wa huhun rauni, domin oksijin mai yawa yana haifar da wasu gurɓatattun sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, matsin iskar na'ura kuma yana jawo kumburi.

Ƙarshen wannan shi ne ciwon huhu mai daɗewa na jarirai, wanda likitan Amurka William Northway ya fara bayyanawa a jami'ar Stanford a 1967. A takardun Faransanci ana taƙaita sunansa da DBP. Yaron da ya kamu da shi kan yi makonni ko watanni yana buƙatar oksijin, kuma yakan riƙa komawa asibiti saboda tari da sarƙewar numfashi. Babban binciken Faransa mai suna EPIPAGE-2, wanda ya bi bakwainin da aka haifa a 2011, ya gano cewa waɗanda matsalar mabiyiya ta tauye girmansu sun fi sauran bakwaini kamuwa da shi.

Tabon ba ya tsayawa ga ƙuruciya. A 1991 David Barker da abokan aikinsa a Ingila sun bi tsofaffin rajistocin haihuwa na gundumar Hertfordshire, suka ga cewa mazan da aka haifa da ƙarancin nauyi suna da raunin numfashi a tsufansu, kuma sun fi mutuwa da ciwon toshewar hanyoyin iska. A Holan ma, mutanen da yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta same su suna tsakiyar ciki sun fi fama da irin wannan ciwo bayan shekara hamsin. Magani kaɗan ne aka tabbatar yana rage wannan lahani, shi ya sa ake ta neman sabo.

Mene ne kurkumin

Kurkum, wanda tsofaffi suka fi sani da gangamau, saiwa ce ƴar uwar citta. Asalinsa kudancin Asiya ne, kuma Indiya ce ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci. A kasuwanninmu ana sayar da shi busasshe ko gari, ana sa shi a miya da shinkafa, yana cikin haɗin kori, mata kuma suna amfani da shi wajen dilka da gyaran jikin amare.

Masana haɗa magunguna biyu, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ciro sinadarin launin daga saiwar a 1815, sai a 1910 wasu masana ƴan Polan suka gano tsarinsa. Bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin garin kurkum ba. A Turai an amince da shi a matsayin launin abinci, da lamba E100.

A ɗakin gwaji, idan aka zuba kurkumin a kan ƙwayoyin halitta, yana rage saƙonnin da ke tayar da kumburi, yana tare wasu daga cikin sinadaran da oksijin ke haifarwa, yana kuma rage tabo. Waɗannan uku, kumburi da ƙuna da tabo, su ne daidai abin da ke lalata huhun jariri. Daga nan tunanin ya samo asali, kuma ba tunanin banza ba ne.

Ɓerayen Kalifoniya

Aikin da aka fi ambato a wannan fanni ya fito ne daga ɗakin binciken likitan jarirai Virender Rehan, a cibiyar da ke haɗe da asibitin Harbor-UCLA kusa da birnin Los Angeles. Rehan ya daɗe yana nazarin wasu ƙwayoyin halitta na huhu masu tara maiƙo, waɗanda ke miƙa shi ga maƙwabtansu su yi safaktan. Idan huhu ya ji rauni, waɗannan ƙwayoyi kan rikiɗe su koma masu yin tabo. Wani furotin mai suna PPAR-gamma shi ke riƙe su a kan aikinsu na asali, wani kuma mai suna TGF-beta shi ke tura su ga rikiɗewa.

A 2011 ƙungiyar ta buga sakamakonta na farko. Sun ɗauki jariran ɓeraye, suka sa wasu cikin iskar da muke shaƙa, mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, wasu kuma cikin iska mai oksijin kashi 95 har kwana bakwai. An yi wa wani ɓangare allurar kurkumin a cikin ciki, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Waɗanda suka sha oksijin ba tare da allurar ba, huhunsu ya lalace kamar yadda aka zata. Waɗanda aka yi wa allura kuwa lahanin ya ragu sosai, an kuma ga alamar an danne aikin TGF-beta. A 2013 suka sake gwajin, wannan karon suka bar ɓerayen suka kai kwana 21, suka ga kariyar ba ta gushe ba.

Dalilin zaɓar ɓera shi ne ana haifar sa huhunsa na matakin jakunkuna, kwatankwacin na bakwainin mutum, buhunan iska kuma sai daga kwana na huɗu suke fara fitowa. Amma akwai abin lura. Ɓerayen nan lafiyayyu ne, sun cika kwanakinsu, kuma ba a tauye girmansu a ciki ba. Raunin da aka ji musu na oksijin ne kaɗai, a matakin da babu likitan da zai bar jariri a kai kwana bakwai idan yana da yadda zai yi. Abin da gwajin ya nuna shi ne kurkumin na iya kare lafiyayyen huhu daga ƙuna. Gyara huhun da ya taso da ƙarancin jijiyoyi tun daga ciki wata tambaya ce daban.

Masu binciken da suka haɗa kurkumin da tauyewar girma kai tsaye, da yawansu masana kiwon dabbobi ne a jami'ar aikin gona ta Nanjing a China, inda haihuwar ƙananan ƴan aladu ke jawo wa masu kiwo asara. Sun sa shi a abincin ƴan aladu da ɓeraye, suka ba da rahoton raguwar lahani a hanta da hanji, da kuma ingantuwar mabiyiya a ɓerayen da aka rage wa furotin lokacin ciki. Huhu ba shi ne abin da suka sa gaba ba.

Inda gizo ke saƙar

Babbar matsalar kurkumin ita ce ba ya shiga jini. Ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotse shi sai kaɗan, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta sauya shi ta fitar nan da nan. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Michigan a 2006, an bai wa manya 24 kurkumin daga rabin giram har zuwa giram 12 a sha ɗaya. Mutum biyu ne kawai aka ga ɓurɓushinsa a jininsu, kuma cikin waɗanda suka sha giram 10 da 12 suke. Cokalin shayi na garin kurkum bai ƙunshi ko kashi ɗaya cikin biyar na giram ɗaya na kurkumin ba. Wannan ne ya sa aka yi wa ɓerayen allura maimakon a ba su ta baki, kuma shi ya sa duk wanda ya karanta labarin gwajin ya ce a jiƙa kurkum a ba jariri, bai fahimci abin da aka yi ba.

An nemi hanyoyin kauce wa wannan. A 1998 masu bincike a Bangalore ta Indiya sun nuna cewa idan aka haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na sinadarin masoro, abin da ke shiga jini yana ninkawa sau ashirin. Sinadarin masoron yana yin haka ne ta hanyar hana hanta aikinta na tacewa, abin da ke shafar wasu magungunan ma. Kamfanoni kuma suna lulluɓe kurkumin cikin maiƙo ko su niƙa shi ya zama ƙanana ƙwarai.

Matsala ta biyu ta shafi ingancin binciken kansa. A 2017 wasu masana haɗa magunguna, ƙarƙashin jagorancin Kathryn Nelson ta jami'ar Minnesota, sun duba tarin ayyukan da aka yi a kan kurkumin. Suka ce sinadari ne mai saurin ruɓewa, mai manne wa furotin iri-iri barkatai, mai kuma ƙyalli a ƙarƙashin hasken na'ura, don haka yana iya nuna kamar ya yi aiki a gwajin da bai yi komai ba. Sun ƙirga gwaje-gwaje fiye da 120 a kan mutane, suka ce babu wani mai cikakken tsari da ya tabbatar da shi a matsayin magani. Masu goyon bayan kurkumin sun yi musu martani, muhawarar kuma ba ta mutu ba. Ga kuma batun Bharat Aggarwal, wanda ya yi aiki a cibiyar ciwon daji ta MD Anderson a Texas, wanda kuma rubuce-rubucensa suka fi na kowa tallata kurkumin: mujallu sun janye fiye da ashirin daga cikin takardunsa saboda matsalar hotuna da bayanai. Wannan bai shafi aikin Rehan ba, amma yana nuna cewa yawan takardu a kan abu ba shi ne ƙarfin hujja ba.

Jariri ba ƙaramin babba ba ne

Hanyar da hanta ke bi ta fitar da kurkumin ita ce dai hanyar da ba ta gama nuna ba a jikin sabon jariri. Rashin nunarta ne ke sa jarirai da yawa yin shawara a makon farko. Tarihin likitancin jarirai ya sha ganin abin da ke faruwa idan aka manta da wannan. A ƙarshen shekarun 1950 maganin kloramfenikol, wanda manya ke sha lafiya, ya taru a jinin jarirai ya kashe da dama saboda hantarsu ta kasa fitar da shi.

Misalin da ya fi kusa da kurkumin shi ne na E-Ferol. Ruwan bitamin E ne da aka fara sa wa bakwaini ta jijiya a Amurka a ƙarshen 1983, da niyyar kare su daga lahanin oksijin, manufa ɗaya ke nan da ta kurkumin. Bitamin E ba ya narkewa a ruwa, sai aka haɗa shi da sinadarin narkarwa. Kafin a janye shi a watan Afrilun 1984, jarirai 38 sun mutu da lalacewar hanta da ƙoda, kuma sinadarin narkarwar ne aka fi zargi. Kurkumin ma sai an narkar da shi da wani abu kafin a yi allurarsa. A 2017 wata mata mai shekara 30 ta mutu a Kalifoniya bayan wani mai maganin gargajiya na zamani ya sa mata ruwan kurkumin ta jijiya, hukumar magunguna ta Amurka FDA kuma ta gano cewa man da aka narkar da shi ba na allura ba ne.

Na baya-bayan nan ya shafi tauyewar girma kai tsaye. Maganin sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana buɗe jijiyoyin jini, kuma a jikin dabbobi ya nuna yana ƙara wa mabiyiya jini. Aka shirya gwaji mai suna STRIDER a ƙasashe da dama. A watan Yulin 2018 aka dakatar da reshen Holan, wanda asibitin jami'ar Amsterdam ke jagoranta. Alƙaluman da aka sanar a lokacin sun nuna cewa cikin mata 93 da suka sha maganin, jarirai 17 sun kamu da hawan jini na huhu, 11 daga ciki suka mutu, alhali cikin mata 90 da suka sha ƙwayar da ba magani a ciki, uku ne suka kamu, kuma babu wanda ciwon ya kashe. Maganin bai ƙara wa jariran girma ba. Hujjar da aka tara wa sildenafil daga dabbobi kafin wannan gwaji ta fi wadda kurkumin ke da ita a yau.

Kurkum a miya da kurkum a ƙwaya

Kurkum ɗin da ake sa wa a abinci ba abin tsoro ba ne, har ga mai ciki da mai shayarwa. Ƙwayoyi da garin ƙarin kuzari da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook su ne abin dubawa. Kwamitin masana na OMS da FAO, da kuma hukumar abinci ta Tarayyar Turai, sun sa iyakar miligiram 3 ga kowane kilo a rana, wato miligiram 180 ga mace mai kilo 60. Ƙwaya ɗaya ta kasuwa sau da yawa tana ɗauke da 500. Wannan iyaka ma ba a yi ta don jariran makonnin farko ba.

A 2019 Italiya ta samu mutane wajen ashirin da ciwon hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi. A 2022 hukumar Anses ta Faransa ta ce ta karɓi rahoton illa fiye da 100, ciki har da ciwon hanta 15, ta kuma ja kunne musamman a kan ƙwayoyin da aka haɗa da masoro ko aka sarrafa don su fi shiga jini. Ta shawarci masu ciwon matsarmama da masu shan maganin tsinka jini ko na ciwon daji su guje su. Kurkumin yana kuma kama sinadarin ƙarfe, kuma a jikin ɓeraye ya jawo ƙarancinsa, abin da bai dace da mai cikin da ake bai wa ƙwayar ƙarin jini ba.

Akwai kuma algus. A Bangaladash, binciken jami'ar Stanford da cibiyar icddr,b ta birnin Daka ya gano a 2019 cewa wasu masu sarrafa kurkum suna shafa masa fenti mai gubar dalma don launinsa ya yi kyau, har aka danganta hakan da yawan dalma a jinin mata masu ciki a karkara. Saiwa da mutum ya daka da kansa ta fi gari mai ƙyallin da ba a san asalinsa ba, ko da yake ita ma saiwar akan shafe ta.

Ga sabon jariri kuwa, hukuncin kurkum ɗaya ne da na bauri da sauran jiƙe-jiƙe: ba a ba shi komai sai nono har wata shida. Jariri mai ƙarancin nauyi hanjinsa ba shi da ƙwari, yana kuma iya shaƙe ruwan ya gangara huhu. Shafa masa kurkum a jiki yana rina fata, ya hana a gane shawara da wuri.

Abin da aka riga aka tabbatar

Mafi yawan abin da ke kare huhun irin wannan jariri ana yin sa ne kafin a haife shi. OMS ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, inda ake auna jini da tsayin ciki, a yi hoton eko idan akwai. Ana ba da ƙwayar ƙarin jini kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku da tazarar wata guda, tare da kwana cikin gidan sauro. Matan da ke cikin haɗarin hawan jini na ciki ana ba su asfirin kaɗan, amma bisa umarnin likita. Ba kowane ƙari ne ke ba da abin da ake fata ba: gwajin da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta yi a Madarunfa, inda aka kwatanta ƙwayar ƙarin jini da ƙwayar bitamin iri-iri da kuma abinci mai maiƙo ga masu ciki, ya nuna tasiri kaɗan a kan girman yaran har suka kai wata 24.

Idan haihuwa za ta zo kafin lokaci, allurar deksametazon ga uwa tana gaggauta nunar huhun ɗa. Graham Liggins na Niyu Zilan ne ya fara lura da haka a jikin tumaki, shi da Ross Howie suka tabbatar da hakan a jikin mata a 1972 da wani magani ɗan uwan deksametazon. Wannan misali ne na gwajin dabba da ya yi nasara, bayan an bi shi da gwajin mutane. A 2020 binciken OMS a asibitocin Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladash, a kan mata 2,852 masu cikin mako 26 zuwa 34, ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Sharaɗin shi ne a san makonnin cikin da kyau, kuma a haihu inda za a iya kula da jaririn.

Bayan haihuwa akwai na'urar CPAP mai hura iska a hankali ta hanci, da safaktan da ake zubawa cikin huhu, wanda Tetsuro Fujiwara ya fara amfani da shi cikin nasara a Japan a 1980. Akwai kuma kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, wanda gwajin da Barbara Schmidt ta jagoranta ya nuna a 2006 cewa ya rage ciwon huhu mai daɗewa daga kashi 47 zuwa 36 cikin ɗari. Shi ma daga tsiro ya fito, amma an tace shi, an auna shi da miligiram, an gwada shi a kan jarirai dubu biyu kafin a yarda da shi.

Mafi arha duka shi ne goyon kangaru, wato a ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa a ɗaure su tare, dabarar da Edgar Rey ya fara a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana, Najeriya, Malawi, Tanzaniya da Indiya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwa daga kashi 15.7 zuwa 12 cikin ɗari. Uba ko kaka na iya karɓar uwa idan ta gaji.

A Nijar, gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai da cibiyoyin kula da lafiyar uwa da yaro na jihohi, irin na Maraɗi, Damagaram da Tawa, su ne ake tura wa jariran da suka fi ƙarfin asibitin CSI. Alamomin da ke sa a kai jariri ba tare da jiran gari ya waye ba su ne numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, lotsawar ƙirji, nishi a kowane numfashi, leɓe ko harshe ya yi shuɗi, ƙin kama nono, sanyin jiki ƙasa da digiri 35.5 ko zazzaɓi, jijjiga, da shawarar da ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa. A kan hanya a riƙe shi a ƙirji fata da fata, a rufe masa kai.